Likita ya bar Vespa ya hau moto

A shekarar 1978 akwai wani malamin asibiti a garin Maradi. Mutane ba su kiran sunansa, Likita suke ce masa. Shekara shida yana hawan Vespa. Kowace safiya yakan sa farar rigarsa, ya zauna bisa kujerarta, ya haɗa ƙafafunsa wuri guda, ya tafi aiki. A ƙasar Italiya aka fara ƙera Vespa a 1946. Ma'anar sunan a harshensu zanzaro ne, don ƙugunta siriri ne, injinta kuma yana ƙugi. Abin hawan birni ce. Tana da garkuwar ƙarfe a gaba mai tare taɓo, kuma ba ta da sarƙar da za ta kama riga. Shi ya sa malamai da alhazai suke son ta.

Ana nan sai aka canza masa wurin aiki, aka kai shi wani ƙaramin asibiti a arewacin Maradi, wajen Dakoro. Aikin can ba na zama ba ne. Tun shekarun 1960 aka fara koya wa wasu mutanen ƙauyukan jihar Maradi aikin lafiya. Ana ba su akwatin magani, ana koya wa ungozomomi tsabtar karɓar haihuwa. Malamin asibiti shi ne mai zagayawa ya duba aikinsu, ya cika musu akwati. In bai zo ba, akwati ya ƙare. In akwati ya ƙare da damina, lokacin sauro, yaro mai zazzaɓi ba shi da ko ƙwayar nibakin ɗaya, wadda ita ce maganin zazzaɓin a wancan zamani.

Ran da ya fara fita zagaye, bai yi nisa da gari ba Vespa ta nutse cikin rairayi. Ya sauka ya tura, ya hau, ta sāke nutsewa. Ƙauyuka uku ya yi niyyar zuwa, ɗaya ya samu.

Me ya sa haka? Ku duba ƙafafunta. Faɗin ƙarfen ƙafar Vespa santimita 20 ne ko 25. Na moto ya kai wajen 45. Ku gwada da kanku a filin makaranta: ku gara murfin gwangwani cikin rairayi, sannan ku gara garen keke. Murfin zai kafe nan da nan, garen ya wuce. Ƙaramar ƙafa in ta faɗa rami, rami ya haɗiye ta. Babbar ƙafa kuwa tana haye shi. Ban da haka, cikin Vespa yana kusa da ƙasa, sai ya riƙa zama bisa tudun rairayin da ƙafafun amalanke suka bari a tsakiyar hanya.

Likita ya daɗe yana shawara. Moto kuɗi ne masu yawa, albashin watanni. Matarsa ta ce: "Malam, wannan dokin ƙarfen na samari ne. Ka ga yadda suke faɗuwa." Ya ce: "Na gani, ai ni nake ɗaure musu rauni. Amma ƙauyukan nan ba za su taso su zo bakin kwalta ba." Ya sayar da Vespa ga wani ɗan kasuwa, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi Honda CG 125. Mutanen Japan ne suka fito da irinsa a 1975, sun yi shi don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, bakanike kuma yana da nisa.

Sayen bai ba shi wuya kamar koyon ba. A Vespa hannun hagu ne yake yin komai: ya matse kuloci, ya murɗa, giya ta shiga. A moto hannun hagu matse kuloci kawai yake yi, ƙafar hagu ce take sa giya. To, hannun da ya shekara shida yana murɗawa ba ya mantawa rana ɗaya. Likita ya matse, ya murɗa, ba abin da ya motsa, inji ya mutu. Birkin baya ne kaɗai ya tarar inda ya saba, ƙarƙashin ƙafar dama.

Wani yaron bakanike ne ya koya masa, a fili bayan kasuwa. Yaron bai wuce shekara goma sha biyar ba. Yana gudu a gefe yana cewa: "Baba, saki kuloci sannu-sannu! Baba, ƙafa, ba hannu ba!" Masu wucewa suka tsaya kallo. Babban mutum, mai yi wa jama'a allura, ga shi yaro yana ba shi umarni. Likita bai ji haushi ba. Da suka gama ya saya wa yaron tsire.

Zaman ma dabam ne. Ba a haɗa ƙafafu, sai a wara su kamar mai hawan doki, a matse tankin mai da gwiwoyi. Babbar riga ta zama abin tsoro, don gefenta yana iya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya ya fizgo mutum ƙasa. Salansa kuma tana ƙuna kamar tukunya bisa murhu. Dole ya koma sa wando da ƴar shara da takalmi rufaffe, ya sayi hular kwano. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, wai ya zama jandarma. Wurin shan mai ma an samu sauyi. Vespa sai an gauraya mata mai da baƙin mai. Wannan moto kuwa mai zalla yake sha, baƙin mai yana da wurinsa a ƙasan inji, ana duba shi da ɗan tsinke.

Saura karatun rairayi, shi ne mafi wuya. Mai tsoro in ya ga rairayi yakan rage gudu, ya damƙe birkin gaba, ya zuba wa ƙasa ido. Duk ukun nan su ne masu kā da mutum. Abin da ake yi shi ne a ja jiki baya don ƙafar gaba ta yi sauƙi, a riƙe totur daidai ba ragewa, a dubi nesa. Kan moto zai yi ta rawa dama da hagu. A bar shi ya yi rawarsa, kada a yi kokawa da shi. Likita ya faɗi sau biyu kafin jikinsa ya yarda da haka. Faɗuwa cikin rairayi da sauƙi, ƙura ce kawai da dariyar ƴan kiwo.

Abu guda yake kewa: Vespa tana ɗauke da safayar taya, moto ba shi da ita. Dajin kuwa cike yake da ƙayar aduwa. Saboda haka kullum jakarsa tana da famfo da faci da ƙarafan cire taya, kusa da kwalin magani.

Kafin ruwan farko ya sauka ya iya. Yakan fita bayan sallar asuba, tun rairayi yana da sanyi, ya zaga ƙauyuka huɗu, ya dawo kafin la'asar. Yara sun gane ƙarar motonsa tun daga nesa. Da sun ji sai su ruga gidan mai akwatin magani suna cewa: "Ga Likita nan! Fito da akwati!"