Uwar Ƙasa: Sunan Ungozoma a Norway da Darasin da Ke Cikinsa

A ƙasar Norway, can arewacin Turai, sunan ungozoma shi ne jordmor, ana furta shi kamar "yurmur". Kalmomi biyu ne aka haɗa: jord, wato ƙasa wadda muke takawa, da mor, wato uwa. Ke nan uwar ƙasa. Bayanin da aka fi yi shi ne, a zamanin da matansu a daɓen ɗaki suke haihuwa, ita kuma matar nan ita ke sunkuyawa ta ɗauko jariri daga ƙasa.

Da na fara karanta wannan, gida ya faɗo mini a rai. Mu ma ai maganar haihuwarmu ba ta rabuwa da ƙasa. Mai naƙuda mukan ce tana kan gwiwa, in Allah ya raba lafiya mu ce ta sauka. A Badariya, inda nake zaune, har yau akwai gidajen da sai an ji kukan jariri ake aikawa a kira ungozoma, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa yaro wanka.

Mutanen Norway ba su yar da tsohon sunan ba, aikin suka sauya. Tun 1818 suka buɗe makarantar ungozomomi a babban birninsu, wanda yau ake kira Oslo. Uwar ƙasa ta zama wadda ke tare da mace tun daga awon ciki, ba mai zuwa ɗauko yaro kaɗai ba.

'Yar'uwa, a matsayina na nas, wannan bambancin nake son ki riƙe. Jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa ba ya jiran a nemo mai Keke Napep. Idan ya kai rabin lita an shiga haɗari, kuma allurar da ke sa mahaifa ta tsuke ana so a yi ta da zarar jariri ya fito. Wadda aka kira daga baya ta riga ta makara.

Ban raina iyayenmu ungozomomi ba, hannunsu ne ya ɗauko da yawanmu. Amma kunyar ɗan fari kada ta sa ki danne ciwo ke kaɗai a ɗaki. Ki yi magana da maigida tun ciki na wata bakwai: wane asibiti, wane abin hawa, wa zai raka ki ko da tsakar dare ne.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.