Jinyar Gartsa a Tankin Gilashi

Sanin da Bahaushe ya yi wa kifi sani ne na koma da ƙugiya da tukunyar miya. Ya san tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da giwan ruwa, ya kuma san wanda ya fi daɗi ɗanye da wanda sai an yi bandarsa. Abin da bai saba da shi ba shi ne ajiye kifi da ransa a cikin tankin gilashi don kallo kawai. Wannan al'ada baƙuwa ce, kuma ko a Turai ba ta daɗe ƙwarai ba, domin sai a shekarar 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na birnin Landan. A yau ana ganin irin wannan tanki a wasu gidaje da otal-otal da ofisoshi. Zuwansa kuwa ya kawo wata tambaya da masunci bai taɓa buƙatar amsawa ba, wato yadda za a yi jinyar kifin da abokan zamansa suka tsangwama har ya fita hayyacinsa.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa kifin da ke shiga wannan hali mafarauci ne, wanda abincinsa shi ne wasu kifaye. Gartsa kyakkyawan misali ce. Kifi ne dogo mai kama da maciji, wanda ake samu a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi da kogin Nilu. Jikinta a lulluɓe yake da ɓawo mai tauri kamar sulke, a gadon bayanta kuma akwai jerin ƙananan fika-fikai masu ƙaya, daga 8 zuwa 11, waɗanda takan miƙe idan ta ji tsoro ko ta fusata. Masanin halittu na Faransa, Georges Cuvier, shi ne ya raɗa wa wannan jinsi sunan kimiyya, Polypterus senegalus, a shekarar 1829. Gartsa tana da huhu guda biyu, don haka takan taso saman ruwa lokaci-lokaci ta shaƙi iska. A shekarar 2014 wasu masu bincike na Jami'ar McGill da ke Kanada, ƙarƙashin Emily Standen, sun buga sakamakon renon da suka yi wa 'ya'yan gartsa a tudu mai laima har na kusan wata 8, kuma suka rayu. Saboda wannan siffa tata ta daban ne masu kiwon kifin ado na Turai da Asiya da Amurka suke sha'awar ajiye ta.

Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka cewa babu kifin da zai iya taɓa gartsa. Amma kowane gwani da nasa rauni. Idonta ba shi da ƙarfi, da hanci take neman abinci. Ba ta da sauri, kuma da dare take yawo, da rana takan kwanta a ƙasan ruwa. Haƙoranta na cafke ƙaramin abu ne a haɗiye, ba su da amfani wajen faɗa da abokin gaba mai zafin nama. A kogi wannan rauni ba ya cutar da ita, domin idan ta kutsa yankin wani kifi ya kore ta, sai ta shige ciyawa ta yi gaba abinta. A tanki kuwa, duk inda ta nufa gilashi take tararwa.

Haka ta faru a gidan wani malamin makaranta mai ritaya a garin Yawuri. Wani Basarke maƙwabcinsa ne ya ba shi gartsa 'yar matashiya, ya sa ta a tanki tare da wasu ƙananan kifaye biyu 'yan dangin karfasa, jajaye masu ɗigo-ɗigon shuɗi, waɗanda masana ke kira Hemichromis. An yi watanni ana zaman lafiya. Ranar da jajayen nan suka zuba ƙwai a kan wani dutse, sai zama ya sauya, domin ɗabi'arsu ce uwa da uba su tsare ƙwansu, su kuma far wa duk abin da ya gifta ko da ya ninka su girma. Cikin 'yan kwanaki gartsa ta daina cin abinci. Launinta ya kwaɗe, jelarta ta yayyage, ta koma lungu ɗaya bayan na'urar tace ruwa ta lafe. Ko tasowa shaƙar iska sai ta yi shi a firgice, ana bin ta da sara.

Autan malamin, wanda shi ne mai ba su abinci, ya ce, “Baba, ai ita ce babba, me ya sa ba ta ramawa?” Malam ya ce, “Auta, je ka kira mini wanda ya kawo ta, ya fi mu sanin halinta.” Da Basarken ya zo ya duba, sai ya ce, “Malam, a kogi ba a faɗa har a mutu. Wanda aka fi ƙarfi gaba yake yi. Nan kuwa ina za ta je?”

Maganar masuncin ta dace da abin da masana kimiyya suka gano. Idan kifi ya firgita, wasu ƙwayoyin halitta da ke gaban ƙodarsa sukan saki sinadarai cikin jini, daga ciki har da wanda ake kira kotisol. Aikin waɗannan sinadarai shi ne su tattara ƙarfin jiki don gudu ko kare kai. Idan firgitar ta ɗan lokaci ce, sai jiki ya koma daidai. Idan kuwa ta zarce kwana da kwanaki, sai abin da aka tanada don ceto ya zama cuta: sha'awar abinci ta tafi, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni, gishirin da ke cikin jini ya riƙa zurarewa cikin ruwa. Haka kuma yauƙin da ke rufe fatar kifi, wanda shi ne katangarsa ta farko daga cututtuka, yakan goge a wuraren da aka sara. Daga nan sai fumfuna mai kama da auduga ta kama raunin, ko cutar fararen ɗigo ta bayyana. Sau da yawa waɗannan cututtuka ne ke ƙarasa kifin da saran abokan zama ya raunana.

Saboda haka matakin farko na jinya shi ne raba su, kuma a ranar da aka lura, ba tare da jiran ko za su shirya ba. Idan da hali, mai cin zalin ya kamata a fitar, a bar majinyaci a ruwan da ya saba da shi, domin kamu da sauyin wuri wani sabon firgici ne a kansa. Idan babu tanki na biyu, ana iya gitta allon roba mai huje-huje a tsakiya, wanda zai bar ruwa ya wuce ya hana kifi. Malamin nan ya kwashe jajayen da dutsen ƙwansu ya mai da su wani babban baho, ya bar wa gartsa tankin ita kaɗai.

Mataki na biyu shi ne duba ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a tanki abin da ke lalata shi ba ya ganuwa da ido. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take bayarwa, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin na'urar tace ruwa su ne ke juya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret, wadda ba ta kai su illa ba. Akwai kayan gwaji da ake sayarwa don auna waɗannan sinadarai, kuma abin da ake so shi ne amoniya da naitirait su tsaya a kan sifiri. Kifi mai cin nama ya fi sauran ɓata ruwa, don haka ana sauya kimanin kashi 25 cikin 100 na ruwan kowane mako, a lokacin jinya ma har sau biyu. Ba a sauya shi gaba ɗaya. Ruwan famfo yakan zo da sinadarin kulorin, wanda ke cutar da kifi ya kuma kashe bakteriyar nan, don haka sai an sa masa maganin da ke kawar da shi kafin a zuba. Soson da ke cikin na'urar ma da tsohon ruwan tankin ake ɗauraye shi. Zafin ruwan da ya dace da gartsa shi ne tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos. Wannan yana buƙatar kula ta musamman da hunturu, lokacin da ruwa kan huce sosai da asuba, musamman idan an ɗauke wutar lantarki.

Mataki na uku shi ne maɓoya da duhu. Kifin da ya saba kwana a cikin ciyawa da saiwoyi ba ya samun natsuwa a fili fetal ƙarƙashin fitila. Malamin ya sa rabin fasasshen tulu da guntun bututun roba mai faɗi a ƙasan tankin, ya kashe fitila, ya yafa zane a ɓangarori uku, ya kuma hana yara ƙwanƙwasa gilashi. Ya bar tazara tsakanin saman ruwa da murfi don ta sami iskar shaƙa, sa'an nan ya danne murfin da kyau, saboda gartsa gwanar tsallake tanki ce, balle wadda ke cikin tsoro.

Mataki na huɗu shi ne abinci, kuma a nan ne ake gwada haƙurin mai kiwo. Tausayi yakan sa mutum ya yi ta zuba abinci don ya ga majinyaci ya ci, alhali abin da ba a ci ba ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Kifi irin wannan yana iya yin mako guda ko fiye bai ci komai ba kuma bai mutu ba. Abin da ya dace shi ne a bari kwana biyu ko uku, sannan a ajiye mata ɗan abu kaɗan mai ƙamshi, kamar tana ko yankan jatan lande ko tsokar kifi, a bakin maɓoyarta bayan magariba. Abin da ya kwana ba a ci ba a cire shi da safe. Ba a jefa mata ƙananan kifaye masu rai da aka kamo daga kududdufi, domin sukan zo da cututtukan da jikinta ba zai iya ɗauka ba a wannan hali.

Game da magani kuwa, sai a yi hattara kada garin neman gira a rasa ido. Wasu sukan fasa kafso na mutane su zuba a tanki da nufin taimako. Irin wannan magani yakan kashe bakteriyar da ke tace ruwa, amoniya ta hau, kifin da ke fama da rauni ya ƙara da shan guba. Yagewar jela da ƙananan raunuka sukan warke da kansu a ruwa mai tsabta. Masana ma sun tabbatar da cewa gartsa takan sake tsiro da fiffikenta na gaba ko da ya gutsure. Sai idan fumfuna ta bayyana, ko rauni ya yi ja yana faɗaɗa, sa'an nan a nemi maganin da aka yi don kifi, da shawarar likitan dabbobi ko masanin kiwon kifi.

A gidan malamin, dare biyar aka yi ana ajiye tana ana kwashewa da safe. A dare na shida aka wayi gari babu ita. Alamun sauƙi sun riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya: ta fara fitowa da almuru tana shinshina ƙasa, ta koma tasowa shaƙar iska a natse, launinta ya dawo, sannan wani siririn farin baki ya bayyana a gefen jelar da ta yage, alamar sabon tsiro. Kafin wata biyu jelar ta cike. Auta ya so a mai da jajayen, mahaifinsa ya ƙi, domin duk ranar da suka sake yin ƙwai tsohon hali zai dawo.

Akwai masu haɗa kifayen da suka yi faɗa bayan sun sauya tsarin duwatsu da itatuwan tanki, don kowa ya manta da iyakarsa ta da. Wannan dabara takan yi aiki a babban tanki mai maɓoya da yawa, amma ba ta sauya ɗabi'ar jinsi. Akwai kuma abokin zaman da cutarwarsa a ɓoye take, wato kifin nan mai bakin tsotso da ake kira pleco, ɗan asalin Amurka ta Kudu, wanda ake saya don ya share gansakuka daga gilashi. An san shi da manne wa gartsa da dare yana tsotse yauƙin jikinta, mai gida bai sani ba sai ya ga fararen tabo. Rigakafi dai ya fi magani. Kafin a haɗa kifaye biyu, ya kamata a san girman da kowanne zai kai, da lokacin cin abincinsa, da halinsa idan ya zo haihuwa. Gartsa takan kai santimita 30 a tanki, saboda haka tana buƙatar wanda tsawonsa bai gaza santimita 120 ba, mai faɗin ƙasa, tare da abokan zama masu sanyin hali waɗanda suka fi ƙarfin bakinta.

A taƙaice, jinyar kifin da aka tsangwama ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Tana buƙatar ido mai lura, da hannu mai saurin rabawa, da zuciya mai iya jira. Kogi ya tanadar wa kowane kifi hanyar gudu da wurin ɓuya da ruwan da ke sabunta kansa. Duk wanda ya ɗebo kifi daga can ya kewaye shi da gilashi ya raba shi da waɗannan abubuwa uku, kuma samar masa da madadinsu amana ce da ta hau wuyansa tun daga ranar da ya rufe murfin tankin.