Idon Kakana

A Kajiji, duk wanda ya san kakana na wajen uwa ya san ba a tura shi tsinkar tattasai. In ya shiga fadama, sai ya cika kwando da ɗanye da nunanne a haɗe, ya rantse duk launinsu ɗaya. Mu jikoki mu yi ta tsokanarsa, shi kuwa ya ce idanunmu ne ke da iyayi. Ban taɓa zaton abin da muke wa dariya zai hana ni barci wata rana ba.

Tun ina firamare nake son tuƙa jirgin sama. Lokacin aikin Hajji mukan raka maniyyata, mu wuce Shagari da Boɗinga har filin jirgin Sultan Abubakar III. Kowa na kukan rabuwa, ni idona na kan jirgi. Da na samu gurbi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, Baba ya sayar da bijimansa biyu na huɗa don a fara rage kuɗin makaranta. Sharaɗi ɗaya ya rage: takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, daga likitan da hukumar NCAA ta amince da shi.

Nan na fara bincike a waya. Za a auna hawan jini da bugun zuciya, a gwada ji da gani, a ɗauki jini da fitsari. Duk ban damu ba, sai da na iso kan gwajin bambance launi. Na karanta cewa rashin bambance ja da kore gado ne, kuma ta wajen uwa yake bi: kaka ya ba 'yarsa, ita ba ta nuna alama, ɗanta namiji kuma ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Sai kwandon tattasai ya faɗo mini a rai.

Littafin gwajin wani likitan Japan ne, Ishihara, ya fitar da shi a 1917. Kowane shafi ɗige-ɗige ne masu launi, da lamba a ɓoye a ciki. Na gwada a waya na ga lambobin, amma an ce hasken waya ba abin dogaro ba ne. Wani abokina ya ce, “To ka haddace su mana, ai ba su da yawa.”

Ba zan ɓoye ba, na fara. Na haddace kusan rabi. Ran nan Inna ta same ni tsakar dare ina ta maimaita lambobi, ta tambaye ni, na gaya mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce, “In ka ruɗi likita, su waɗanda za ka ɗauka fa? Kakanka kwando kawai yake ɓatawa.”

Maganar ta zauna mini. A fiffiken hagu na jirgi fitila ja ce, a na dama kore, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare. In rediyo ya mutu, da hasken ja da kore hasumiya ke ce wa matuƙi sauka ko dakata. Waɗannan ba a haddace su. Na goge hotunan, na koma ga abin da ke hannuna: barci da wuri, rage gishiri, barin goro da shayi mai kauri, da cire abin sauraron waƙa daga kunne.

Ranar gwaji a Kaduna, awon farko jinina ya hau. Likitar ta dube ni ta ce, “Tsoro ne. Je ka zauna.” Da ta sake aunawa ya sauka. Kafin ta buɗe littafin, na gaya mata labarin kakana da na haddar da na fara. Ta yi murmushi, ta riƙa buɗe shafukan a hargitse, kowanne 'yan daƙiƙu. Lambobin suka riƙa fitowa da kansu, tamkar an rubuta da alli. Ta sa hannu, ta tuna mini cewa takardar ta shekara ɗaya ce, baɗi ma sai na dawo.

Da na koma gida, na iske kaka a gindin dalbejiya. Na nemo shafi ɗaya a waya, wanda na karanta 74, na miƙa masa. Ya ƙura ido ya ce, “Ashirin da ɗaya.” Na ce ba haka ba ne. Ya miƙo mini wayar ya ce, “To kai ka je ka tuƙa jirgin. Amma kafin nan, ga kwando can.”