Lokacin da Kwamfutocinmu Ke Amsa Suna

A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet ke tashe a Kano, kowace kwamfuta a shagonmu tana da sunanta. Babbar da ke riƙe da layin intanet ita ce Nassarawa, sauran kuma Kabuga, Mazugal, Dukawuya da Ɗan'agundi, duk ƙofofin birni. Idan yaron shago ya ce, "Oga, Kabuga ta ƙi ganin firinta," na san kujerar da zan nufa, na san wayar da zan taɓa.

Ba da waɗannan sunaye suka zo ba. Idan ka ɗora Red Hat ba ka raɗa mata suna ba, localhost.localdomain take kiran kanta, haka ma ta kusa da ita. Windows XP kuma takan jefa injunan cikin rukunin MSHOME ko WORKGROUP, ga ƙa'idar kada suna ya wuce haruffa 15. Babu ƙ, babu ɗ, babu tazara, dole Ɗan'agundi ta koma danagundi.

Bayan raɗin suna sai rajista. Akwai wani ɗan fayil mai suna hosts, a Linux yana cikin /etc. Layin farko 127.0.0.1 ne da localhost, wato inda kwamfuta ke samun kanta da kanta. A Ubuntu, wadda a wancan lokacin ake aiko mana faifanta kyauta ta gidan waya, akwai layi na biyu, 127.0.1.1, ɗauke da sunan injin. Wanda ya canza suna ya bar wannan layin yadda yake, sudo zai yi ta yi masa ƙorafi. A ƙasa muke jera namu: 192.168.0.1 nassarawa, 192.168.0.2 kabuga, har ƙarshe. Mukan bi injunan ɗaya bayan ɗaya da dare, bayan kwastomomi sun watse, janareta na ruri a waje. Kwamfuta takan duba wannan fayil kafin ta tambayi DNS, wato tsarin da ke mayar da suna lamba a intanet, kamar yadda mutum ke duba ɗan littafin lambobin waya na aljihunsa kafin ya tambayi wani. Shi ya sa ko layin waje ya ɗauke, injunanmu na ganin juna.

Daga baya na fahimci cewa tsohuwar sana'a muka gada. A zamanin ARPANET, wadda ta gabaci intanet, fayil guda ne, HOSTS.TXT, ke ɗauke da sunayen dukkan injuna, kuma ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar SRI da ke Amurka ne ke kula da shi. Da injuna suka yi yawa, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS a 1983.

Yau an huta da wannan wahala. Rauta na raba lambobi, Avahi da Bonjour na sa injuna su gano juna da .local, Windows kuma na bai wa kanta DESKTOP da wasu haruffa barkatai. Sauƙin na da daɗi, amma ina kewar sanin da muka yi wa kayanmu, domin a rubutun nan da hannu muka gane yadda suna ke komawa lamba.

Ƙannena masu koyon aikin nan, ku raɗa wa injunanku suna, ku buɗe fayil ɗin hosts ku karanta shi layi-layi. Ranar da layi ya ɗauke, ku ne za a nema.