Darasin da Na Kwaso a Xinzheng

A shekarun da nake karatu a Zhengzhou, lardin Henan na ƙasar Sin, akwai karin maganar da malamarmu ta harshe ba ta rabuwa da ita. Da an ambaci wani mai ɓarna da ba ya jin kira, sai ta ce wanda ya yawaita aikata ba daidai ba, shi zai kayar da kansa. Sai da ta kai mu Xinzheng, tsohuwar hedikwatar daular Zheng, muka tsaya gindin ragowar ganuwar ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, sannan ta ba mu asalin maganar.

Labarin yana cikin littafin tarihi na Zuo Zhuan. Sarki Zhuang na Zheng ya zo duniya ta ƙafa, ya wahalar da mahaifiyarsa Wu Jiang, sai ta tsane shi ta ɗauki son duniya ta ɗora wa ƙaninsa Duan. Ta roƙar masa garin Jing, aka ba shi. Duan ya faɗaɗa ganuwa fiye da ƙa'ida. Bafade Zhai Zhong ya ja kunnen sarki, shi kuwa ya amsa da waccan karin maganar, ya ce a zuba ido. Duan ya haɗiye garuruwan kan iyaka, ya tara mayaƙa, uwar ta yi alkawarin buɗe masa ƙofar birni. A shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki ya tura kekunan yaƙi 200. Mutanen Jing suka juya wa Duan baya, ya tsere.

Mu ɗalibai muka shiga yabon haƙurin sarki. Malama ta gyara gilashinta ta ce, "Marubucin bai wanke shi ba. Ya zarge shi da ƙin tarbiyyantar da ƙaninsa. Ya ga yaro na tafiya rami, ya yi shiru don yana son ya faɗa."

Tun da mahaifinmu ya rasu, ƙannena suka dawo hannuna, wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne mai ɓarna kansa yake yi wa, amma babban da ya naɗe hannu yana jiran ranar da zai ce "ai na faɗa", shi ma yana da kaso a cikin alhakin.