Maganin da ake ɗinka wa mutum ɗaya

A watan Agustan 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani na kamfanin Novartis mai suna Kymriah, domin yara da matasa masu wani nau'in sankarar jini da ta ƙi jin magani, ko ta dawo bayan an zaci ta tafi. A gwajin da hukumar ta dogara da shi, kashi 83 cikin 100 na marasa lafiyan an daina ganin cutar a jikinsu cikin wata uku. Kuɗinsa kuwa a lokacin dala 475,000 ne, a ƙarin ruwa sau ɗaya tak. Alƙaluman nan biyu sun daɗe suna kai-kawo a raina. Na farko yana ƙarfafa mini gwiwa, na biyu yana tuna mini cewa maganin da mutum ba zai iya saya ba labarinsa kawai zai ji.

Sunan wannan hanyar magani CAR-T, kuma tushenta shi ne abin da Bahaushe ke cewa da ɗan gari akan ci gari. A cikin fararen ƙwayoyin jininmu akwai wasu da ake kira ƙwayoyin T, dakarun garkuwar jiki, waɗanda aikinsu kashe duk abin da suka gane baƙo ne. Sankara tana kuɓuce musu domin daga jikin ta tsiro, kamarta kamar ta gida. Sai likitoci su tace jinin mara lafiya da na'ura, su ware ƙwayoyin T ɗinsa, su kai ɗakin gwaje-gwaje. A can ake amfani da ƙwayar bairas da aka kashe wa kaifi a dasa musu sabon umarni na gado, wanda zai sa su gane wata alama mai suna CD19 da ke jikin ƙwayoyin cutar. A hayayyafa su zuwa miliyoyi, a mayar wa mai su ta jijiya, su ci gaba da yawaita da farauta a cikin jiki.

Yarinya ta farko da aka yi wa wannan magani ita ce Emily Whitehead, a asibitin yara na Filadelfiya a 2012, tana da shekara shida. Saura ƙiris maganin ya halaka ta: garkuwar jikinta ta harzuƙa, zazzaɓi ya yi tsanani, hawan jininta ya faɗi, aka sa mata na'urar numfashi. Carl June, masanin Jami'ar Pennsylvania da ya jagoranci binciken, ya san wani magani mai suna tocilizumab saboda 'yarsa tana amfani da shi don ciwon gaɓɓai. Aka gwada shi, ta farfaɗo. A 2023 ta shiga jami'a, cutar ba ta dawo ba. Har yau tocilizumab ne ake ajiyewa kusa a duk inda ake wannan aiki.

Daga nan ake gane dalilin tsadar. Paracetamol ana buga shi miliyoyi a masana'anta, kowa ya saya. Wannan kuwa ɗinki ne da aka auna wa mutum ɗaya, ba zai shiga jikin wani ba. Ana daskarar da ƙwayoyin, a ɗora su a jirgi zuwa masana'anta, a yi mako uku ko huɗu ana sarrafa su, mara lafiya na jira, cutar kuma ba ta jira. Bayan an mayar masa sai an sami ɗakin kulawa ta musamman da ma'aikatan da suka san alamun haɗari, domin ban da harzuƙar garkuwa, maganin kan taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice ko magana ta gagare shi na wani lokaci.

Abin da ya sa nake rubutu a kai yanzu shi ne ƙofar ta fara buɗewa. A Sifaniya, asibitin Clínic na Basalona ya haɗa nasa a cikin gida, ARI-0001, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 2021, kuma kuɗinsa bai kai rabin na kamfanoni ba. A Amurka, a watan Yunin 2025 FDA ta sassauta sharuɗɗa: zaman da mara lafiya zai yi kusa da asibitin ya sauko daga mako huɗu zuwa biyu, haramcin tuƙin mota daga mako takwas zuwa biyu. Ga manomi ko ɗan ƙwadago da ke nesa da birni, mako biyun nan kuɗin masauki ne da albashi.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Indiya. Cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial na Mumbai suka haɗa kai, ƙarƙashin jagorancin Rahul Purwar, suka samar da NexCAR19, wanda aka amince da shi a watan Oktoban 2023. Sun haɗa ƙwayar bairas ɗin da kansu maimakon sayo ta daga waje, kuma ita ce ɗaya daga cikin abubuwa mafi tsada a aikin. Kuɗin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Har yanzu dukiya ce mai yawa, amma ta sauko daga abin da sai gwamnati ko attajiri zuwa abin da dangi za su iya tunanin haɗawa.

A nan ne batun ya iso ƙofarmu, domin Indiya ce inda mutanenmu da dama ke zuwa neman lafiya, kuma in ciwo ya yi tsanani ɗan bokon gida ake kira a ce, "Kai da ka sani, ina za mu kai shi?" Ina jin tsoron ranar da za a sayar da gona ko gidan gado a kan suna kawai. CAR-T bai shafi kowace sankara ba. Inda ya tabbata shi ne wasu nau'o'in sankarar jini, da ta kaluluwa, da ta ɓargo da ake kira mayeloma, kuma galibi bayan kemo ya gaza. Ba a amince da shi don sankarar mama ko ta mafitsara ba. Cikin waɗanda ya yi wa aiki ma akwai waɗanda cutar ke dawo musu. A 2024 FDA ta sa a rubuta gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, yakan haifar da wata sankarar daban. Duk wanda aka yi wa tayin sa ya tambayi ainihin nau'in cutar da gwajin da ya tabbatar da ita, ko kuɗin ya haɗa da kwanciyar asibiti, da kuma likitan da zai ci gaba da duba mara lafiya bayan ya dawo gida, tunda garkuwarsa za ta daɗe da rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Giɓin nan ya riga CAR-T zuwa. Ganowa a makare ce ta haifar da shi, da ƙarancin jini a ma'ajiya, da kemo da ake yankewa a tsakiya don kuɗi sun ƙare. Waɗannan su ne kuma harsashin da sabon maganin ke buƙata kafin ya zauna a kowace ƙasa. Shi ya sa darasin Mumbai ya fi mini farashinsa muhimmanci: makarantar injiniyoyi da asibitin sankara na gari ɗaya suka yi shekaru suna aiki tare. Muna da jami'o'i da asibitocin koyarwa maƙwabtan juna a Zariya, Kano, Sakkwato da Yamai. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa masu kasafin kuɗinsu ita ce nawa aka ware wa ma'ajiyar jini da ɗakin gwaje-gwaje a bana.