Na Je Port Louis Neman Lokeshin, Ruwa Ya Ce Ban Isa Ba

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san tsibirin Morishas, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Mai karatu, ka tuna Souten na 1983, wanda Rajesh Khanna ya tsinci kansa tsakanin Tina Munim da Padmini Kolhapure? Iyayenmu mata sun sha kuka a kan fim ɗin nan, to ai sunan ma ma'anarsa kishiya. A Morishas aka ɗauke shi. Wani ɓangare na Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ma can aka yi shi. Shi kuwa Mujhse Shaadi Karogi na 2004, inda Salman Khan da Akshay Kumar ke rububin Priyanka Chopra, a labari an ce garin Goa ne na Indiya, amma yawancin bakin tekun da ka gani a ciki na Morishas ne.

Wannan ne ya sa wani furodusa, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ya roƙe ni, ya ƙwallafa rai sai ya je can ya ɗauki waƙoƙi biyu na sabon fim ɗinsa. Wai ya gaji da Tiga, ya gaji da duwatsun Jos, ko'ina ka juya kyamara wani ya riga ka. Ya ce zai biya rabin kuɗin jirgina, ni kuma in je in dubo masa wurare, in ɗauko hotuna, in tambayo farashi. Da muka duba, tikitin watan Fabrairu ya fi sauƙi. Muka yi ta murna. Babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin arahar, alhali tun muna yara muke jin cewa araha ba ta ado.

Dalilin shi ne ƙasar tana can kudu, cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kusan kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, kuma yanayinsu a juye yake da namu. Lokacin da muke fama da hunturu da hazo, su suna tsakiyar zafi da damina. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake ruwa, kuma Janairu zuwa Maris su ne watannin da aka fi tsoron guguwar teku. Na baro Kano leɓena a tsage, ina shafa man kaɗanya. Na bi ta Nairobi, na sauka a filin jirgin sama na Sir Seewoosagur Ramgoolam, wani irin gumi ya rufe ni tun kafin in ɗauki jakata.

Filin jirgin yana kudu maso gabas, babban birnin yana arewa maso yamma, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. A hannun hagu suke tuƙi, don haka duk motar da ta taho sai gabana ya faɗi. Hagu da dama gonakin rake ne kore shar, iya ganinka, ga wasu duwatsu masu tsini kamar an fere su da wuƙa. Na fito da kyamara ina ta ɗauka ta taga, ina cewa a raina Alhaji ya gama samun fim. Muna hawa tudun tsakiyar tsibirin, wajen garin Curepipe, sai gari ya yi baƙi. Direba ya kunna fitila da ƙarfe biyu na rana.

Mu kan karanta sunan birnin yadda aka rubuta, su kuma Por Lwi suke cewa, da harshensu na Kiriyol wanda ya samo asali daga Faransanci. Wani gwamnan Faransa, Mahé de La Bourdonnais, shi ya mayar da wurin babbar tashar jiragen ruwa tun daga 1735, gunkinsa na nan tsaye yana kallon teku. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1810, suka samu 'yanci ranar 12 ga Maris, 1968. Birnin ƙarami ne, da ƙafa za ka zagaye tsakiyarsa. Amma ka lura da zamansa, don shi ne tushen duk abin da ya same ni: teku a gaba, duwatsu sun yi masa zobe ta baya kamar akushi. Duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan ba shi da wata hanya sai ta cikin gari.

Kwana na farko da na biyu ruwan wasa yake yi da ni. Da safe rana ta fito tas, in saita kyamara, kafin in gama sai hadari ya gangaro daga kan dutsen Le Pouce, a tsuge minti ashirin, a ɗauke, titi ya yi ta tururi. Na hau Citadelle, wata tsohuwar ganuwar soja da Turawan Ingila suka gina a kan tudu a shekarun 1830, inda ake hango gari duka da filin sukuwa na Champ de Mars. Tun 1812 ake tseren dawaki a filin, kuma a nan aka ɗaga tutar ƙasar ranar 'yanci. Hoto uku na samu masu kyau kafin gilashin kyamarar ya yi raɓa. Ga wanda ya san aikin fim, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Sin ɗaya na waƙa sai a wuni ana maimaita shi. In ka ɗauki jarumi cikin rana, ka juyo kan jaruma gari ya lumshe, edita zai tsine maka ne kawai.

Abinci kam ban sha wahala ba. A babbar kasuwar birnin na fara cin dholl puri, wata 'yar siririyar waina mai laushi da aka cusa wa niƙaƙƙen wake, a zuba miya da yaji a naɗe, bibbiyu ake sayarwa. Akwai gato pima, ƙosai ne sak sai dai ƙanana. Akwai alouda, madara mai sanyi da wasu 'ya'yan itace ƙanana masu santsi a ciki. Wanda yake son biriyani sai ya nufi unguwar Plaine Verte inda Musulmi suka fi yawa. Abin da ya ba ni haushi ɗaya ne: ƙarfe biyar na yamma kantuna sun fara rufewa, kafin isha tsakiyar gari ya yi tsit. Mutumin da ya saba da mai shayi har ƙarfe ɗayan dare, sai ya ji kamar an sa dokar hana fita.

Ranar Juma'a na yi salla a Jummah Masjid da ke titin Royal, dab da ƙofar unguwar 'yan Sin. An fara gina shi a shekarun 1850. Fari ne da ratsin kore, ƙofofinsa na katako sun sha sassaƙa, ga wata tsohuwar bishiya mai faffaɗan ganye a tsakar gidan, suna kiran ta badamiye. Bayan an sallame wani dattijo mai farin gemu da ke kusa da ni ya miƙo hannu. Ban san lokacin da bakina ya ce masa "Chacha" ba, yadda muke ji a fim ana kiran baffa. Sai ya fashe da dariya, ya ce, "Beta, daga ina?" Na ce Nijeriya. Ya ce a ina na koyi Indiyanci? Na ce a gaban talabijin. Da guntun Turancinsa da guntun Indiyancina na kaset muka yi ta hira. Ya kasa yarda cewa akwai gari a Afirka ta Yamma da yara suka haddace sunayen 'yan wasan Bombay, har sai da na jero masa finafinan Dharmendra guda bakwai ba tare da na numfasa ba.

Shi ya ce kada in bar garin ban je Aapravasi Ghat ba, ya kuma raka ni da ƙafa, don ba nisa. Na zaci wani katafaren gini zan gani. Ashe ragowar bango ne na baƙin dutse, da 'yan ɗakuna, da wasu matakala da suka gangara bakin ruwa. Da aka haramta bauta a tsibirin a 1835, masu gonakin rake suka rasa ma'aikata, sai Ingila ta shiga kwaso talakawa daga Indiya da takardar kwantiragi. Daga 1834 zuwa 1920 an kawo kusan mutum rabin miliyan. An buɗe wannan zango a 1849, kuma ta matakalan nan suke hawowa, a rubuta sunan mutum, a ba shi lamba, a tura shi gona. Jikokinsu ne yau suka kai kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar, Hindu da Musulmi. A 2006 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Chacha ya tsaya a kan matakalar ya ce kakan kakansa ta nan ya shigo daga Bihar. Bai ƙara komai ba. Ni da na zo neman inda jaruma za ta yi juyi, sai na ji kunyar ɗaga kyamara. A nan na gane abin da ya sa 'yan fim ɗin Indiya ke zuwa ƙasar kamar gidansu: ba sai sun yi jigilar 'yan rakiya ba, duk wanda ya gifta a bayan jarumi ya yi kama da mutumin Bombay.

Muna fitowa aka fara yayyafi. Na ce masa zan tsallaka Caudan, wato bakin tashar jiragen ruwa da aka ƙawata da kantuna da sinima, inda aka rataye lemomi kala-kala a saman wani layi. Wurin ne Alhaji ya gani a intanet ya ce lallai sai an yi waƙa a ƙarƙashin lemomin nan. Tsakanin gari da Caudan akwai babban titi, masu tafiya a ƙafa kuma ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa suke bi. Kafin mu kai bakinta, ruwan ya rikiɗe. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba, ba ɗigo ba ne, kamar ana juye ganga. Cikin 'yan mintoci ruwan kwata ya hau titi, ja wur da ƙasar dutse, ya rufe mini idon sawu. Na rungume jakar kyamara na nufi matakalar da gudu don in fake a ciki.

Sai na ji an fizgo rigata ta baya. Dattijon nan da nake ganin iska za ta iya kayar da shi, shi ya riƙe ni gam. "Beta, a'a! Ba nan ba!" Ya ja ni muka haye barandar wani bene.

Muna tsaye muna ɗiga ya ba ni labari. Ranar Asabar 30 ga Maris, 2013, an yi ruwan da ya haura milimita 150 cikin abin da bai wuce awa biyu ba. Ruwa ya gangaro daga duwatsu, magudanai suka cika, ya rasa hanyar shiga teku, sai ya afka duk inda ya samu rami. Mutum 11 suka rasu, da yawansu a cikin hanyar ƙarƙashin ƙasan Caudan. Wasu fakewa suka shiga yi, kamar yadda na so in yi. Ya ce ko a 15 ga Janairu, 2024, da guguwar Belal ta wuce, motoci sun yi ta yawo a kan ruwa a wannan titin da muke kallo, mutane na hawa rufinsu. Na dubi bakin ramin, na dubi jakar da na ƙanƙame, na rasa abin cewa sai Innalillahi.

Ranar ruwan bai kai haka ba, bayan kamar awa ɗaya ya tsagaita. Amma daga nan na fara sauraron sanarwar hukumar yanayi da ke Vacoas kamar yadda 'yan ƙasar ke yi. Gargaɗin guguwa mataki huɗu ne a wurinsu. Na ɗaya, a fara shiri. Na biyu, a rufe makarantu. Na uku, kowa ya bar aiki ya koma gida. Na huɗu kuwa iska ta riga ta kai gudun kilomita 120 a awa, ba mai leƙo waje. Yaro ƙarami ya san wannan lissafin. Sai na tuna yadda muke ɗauko motar tanki da tiyo a lokeshin don a yi ruwan ƙarya, jarumi da jaruma su jiƙe, gobe malamai su yi ta faɗa a kan mumbari. A nan kyauta ake ba da shi, amma ba daraktan da zai ce masa kat ya tsaya.

Batun kuɗi ma na bincika. A 2013 gwamnatinsu ta fito da tsarin mayar wa mai fim kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe a ƙasar, abin da ya ƙara jawo 'yan Indiya kenan. Sai dai an tsara shi ne don manyan kamfanoni masu kashe daloli da yawa, ba don mai zuwa da mutum shida ya ɗauki waƙa biyu ya gudu ba.

Daren ƙarshe na kira Alhaji. Sun fi mu da awa uku, don haka shi lokacin ya idar da magariba.

"Ranka ya daɗe, wurin fa ya yi. Amma ba a wannan watan ba."

"Kai ɗan jarida, ban son tsoro. Na riga na yi wa yarinyar nan alƙawari, har ta ɗinka kaya kala takwas."

"Alhaji, ta ajiye su zuwa Satumba ko Oktoba. Lokacin ruwa ya yi sauƙi, ba guguwa."

"Tikitin fa?"

"Zai ƙaru."

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce in turo hotunan ya gani. Na tura masa goma sha huɗu, su ne suka tsira daga cikin sama da ɗari biyu, sauran duk hazo ne da ɗigon ruwa a gilashi. Na haɗa masa da bidiyon da na ɗauka da waya daga barandar benen nan, inda ruwa ke jan wata kwandon shara a tsakiyar titi.

Washegari, ranar da zan taho, gari ya waye garau, ko ƙyallin gajimare babu. Na biya masallaci bayan azahar don in yi wa Chacha sallama, ban same shi ba. Na bar masa ƙullin dabino da 'yar kwalbar turaren da na taho da ita daga Kano a hannun wani mai shara, na kwatanta masa shi da gemu da hula. Ya ce masu irin wannan kamar sun fi ashirin a sahun gaba, amma zai tambaya.

Ina cikin motar zuwa filin jirgi saƙon Alhaji ya shigo. Ya ce ya kalli bidiyon sau uku, kuma in na dawo in raka shi Tiga ranar Lahadi.